Ciwon ƙugu ya raba ni da keken ɗinki: kwanciya zan ci gaba da yi ko motsi?

Tela Mai Keke ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne, shekaruna 41, kuma na daɗe ina ɗinkin kayan maza. Tun bayan ƙaramar sallar da ta wuce, lokacin da aiki ya yi yawa har muka riƙa kwana a shago, nake fama da ciwo a ƙasan gadon bayana, daidai inda mazagin wando yake zama. Ciwon ba ya sauka ƙafa, sai dai wani lokaci nakan ji ya bazu zuwa mazaunin dama. Ya fi tsanani idan na daɗe a kan keke sannan na yunƙura zan miƙe, domin sai na dafa teburi na yi 'yan taku a sunkuye kafin bayan ya saki, haka kuma da asuba idan na sunkuya zan wanke ƙafa a wurin alwala. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na taka a ƙasa zuwa masallaci ko kasuwa sai in ji dama-dama.

Na je an yi mini hoton ƙashi, wanda ya duba hoton ya ce ƙashin bayana ya fara zaizayewa, ya ce in daina sunkuyawa, in nemi bel ɗin ɗaure ƙugu, in kuma yawaita kwanciya a kan abu mai tauri. Na bar wa yara shagon na koma gida, amma maganar gaskiya tun da na fara kwanciyar jikina ƙara sandarewa yake yi, ga tsoron da ya shige ni, har ta kai idan abu ya faɗi ƙasa sai na kira yaro ya ɗauko mini. Ina kuma shan haɗin da mai kemis yake ƙulla mini a leda, wanda yakan kwantar da ciwon na yini guda.

Tambayata ga masana ita ce: shin wanda ƙashinsa ya fara zaizayewa motsi ba zai ƙara lalata shi ba? Idan kuwa motsin ne magani, wane iri ne, kuma yaya zan koma sana'ata ba tare da na jawo wa kaina abin da ya fi wannan ba?

Tsohon Direba ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, Malam. Mu da muka yi shekaru a kan sitiyari mun san wannan ciwo sarai, kuma a tasha abin da za a fara ce maka shi ne basir ne ko sanyi, a haɗa ka da mai jiƙe-jiƙe. Na sha jiƙon, na yi ƙaho wurin wanzami, kuma ba zan ce ban ji daɗin ƙahon ba, domin jiki yakan yi sakayau na ɗan lokaci, sai dai da zarar na koma doguwar hanya ciwon yake dawowa inda yake. Abin da na lura ya fi yi mini amfani shi ne tsayawa a hanya in sauko in zagaya motar, maimakon in yi ta danna wuta daga tasha zuwa tasha ba tsayawa.

Duk da haka shawarata ita ce, tun da an riga an ga wani abu a hoto, ka daure ka tara kuɗi a yi maka babban hoton nan na MRI, domin a san ainihin abin da ya lalace kafin ka fara kowane irin motsa jiki.

Likitan Gashi ya amsa:

Sannu Malam Tela, Allah ya ƙara sauƙi. Aikina ke nan a sashen gashin ƙashi da motsa gaɓɓai, kuma duk da cewa ba a duba mara lafiya ta rubutu, bayanin da ka yi ya isa in faɗi wasu abubuwa.

Zan fara da hoton, domin ina ganin kalmar "zaizayewa" ta fi ciwon kansa kwantar da kai. A ƙugun mutum akwai ƙasusuwa biyar jere, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai ruwa-ruwa a tsakiya wanda yake karɓar nauyi, a bayansu akwai ƙananan gaɓoɓi, sannan tsokoki da jijiyoyi sun kewaye su ta kowane ɓangare. Yayin da shekaru suke tafiya faifan yakan rage ruwa ya ɗan lotsa, gefen ƙashin kuma ya yi 'yan tsiro, kuma wannan yana faruwa ga masu ciwo da marasa ciwo baki ɗaya. A shekarar 2015 an tattara binciken da aka yi a kan hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, aka tarar kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20 suna da alamar tsufan faifai, adadin kuma ya kai kashi 96 a wurin 'yan shekara 80. Ke nan abin da aka gani a hotonka ya fi kama da furfura, wadda take nuna shekaru amma ba ta nuna cuta. Saboda haka, tare da girmamawa ga Baba Direba, ba na ganin buƙatar MRI a halin da kake ciki. Ana neman sa ne idan akwai alamun haɗari, ko idan ana shirin tiyata, ko kuma sakamakonsa zai sauya maganin da za a yi. Kusan kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon ƙugu ba a iya nuna wuri guda a ce ga abin da ya lalace, kuma hakan ba gazawar likita ba ce, yanayin ciwon ne.

Batun kwanciya kuwa tsohon ra'ayi ne da likitoci da kansu suka yi watsi da shi. A 1995 an buga wani bincike da aka yi a birnin Helsinki na ƙasar Finland, inda aka raba masu sabon ciwon baya gida uku: wasu aka ce su kwanta kwana biyu, wasu aka ba su atisaye, wasu kuma aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon yadda za su iya, kuma waɗannan na ƙarshen ne suka riga kowa warkewa. Dalilin a fili yake. Faifan nan ba shi da wadatattun hanyoyin jini, abincinsa yana shiga ne ta hanyar matsawa da sakewa da motsi yake kawowa, tsoka kuma tana rage ƙarfi cikin ɗan lokaci idan aka daina amfani da ita. Bayan wannan akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato idan mutum ya yi wata da watanni yana ɗari-ɗari da bayansa, yana riƙe numfashi duk lokacin da zai motsa, jijiyoyin da suke kai saƙon zafi sukan ƙara saurin amsawa, har motsin da bai kai ya kawo ba ya riƙa yi masa ciwo. Sandarewar da ka ce tana ƙaruwa tun da ka koma gida daga nan take.

Yanzu ga abin da bayaninka ya nuna. Ciwonka yana tashi da dogon zama da sunkuyo, yana kwanciya da tafiya, wato bayanka ya gaji ne da tsayawa a lanƙwashe sa'o'i masu yawa a wuri guda, kuma tela yana cikin waɗanda suka fi kowa yin haka, domin ido yana kan allura, kafaɗa ta rusuna, ƙafa kuma tana kan feda. Don haka maganin farko shi ne abin da jikinka ya riga ya nuna maka, wato tafiya. Ka fara da minti goma zuwa sha biyar sau biyu a rana, da saurin da zai sa hannuwanka su riƙa lilo, ba tafiyar jan ƙafa ba, sannan ka riƙa ƙara 'yan mintuna kowane mako har ka kai rabin sa'a. A 2024 mujallar Lancet ta buga binciken Jami'ar Macquarie ta Ostiraliya a kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya, inda waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya tare da wayar da kai suka kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya sake hana su harka, sauran kuma kwana 112.

Na biyu, ka gwada motsin da yake kishiyar zamanka. Ka kwanta rub da ciki a kan tabarma na minti biyu, sannan ka dogara da gwiwar hannu ka ɗaga ƙirji, ƙugu yana manne da ƙasa, ka saki tsokar baya gaba ɗaya. Idan ya karɓe ka, sai ka riƙa turo ƙasa da tafin hannu kana ɗagowa kana komawa, kamar sau goma. Wannan yana cikin hanyar da Robin McKenzie, wani likitan gashi ɗan ƙasar New Zealand, ya shahara da ita, kuma ma'auninta shi ne inda ciwon yake tafiya: idan ya janye daga mazauni ya tattaru a tsakiyar baya, alama ce mai kyau ko da ya ɗan yi zafi, idan kuwa ya fara gangarawa cinya sai ka tsaya. Ba kowa wannan motsi yake yi wa daidai ba, musamman tsofaffin da ciwonsu yake ƙaruwa da tsayuwa da tafiya, yake kuma raguwa idan sun zauna.

Na uku, ƙarfafa tsokar mazaunai da ta ciki. Ka kwanta rigingine ka tanƙwashe gwiwoyi, ka ɗaga ƙugu sama ka riƙe daƙiƙa biyar. Ka yi rarrafe, ka miƙe hannun dama da ƙafar hagu a tare ba tare da ƙugu ya karkace ba, sannan ka sauya. Ka riƙa tashi daga kujera kana komawa ba tare da dafa komai ba. Babu wani atisaye guda da aka tabbatar ya fi sauran, wanda mutum zai iya dawwama a kansa shi ne mai amfani. Ƙa'idar da nake ba marasa lafiyata ita ce, ɗan ciwon da za a iya jurewa lokacin motsi ba ɓarna ba ne, matuƙar ya lafa ya koma yadda yake kafin washegari. Idan ya wuce haka, a rage yawan, kada a daina.

Shago kuwa ka koma tun yanzu, ko da rabin yini ne, kada ka jira sai ciwon ya ɗauke ƙaf.

Hajiya Nas ta amsa:

Na yarda da Likita, amma a matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan so wani ya karanta wannan zaren ya ɗauka kowane ciwon baya tafiya ce maganinsa ba. Akwai alamomin da idan aka gan su asibiti ake nufa a ranar, ba a bari sai gobe: mutum ya kasa yin fitsari ko ya kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko ya ji sagewa a matse-matsinsa da kewayen dubura, ko ƙafa ta fara rauni har takalmi yana fita ko yatsu suna jan ƙasa. Wannan yana nuna an danne jijiyoyin da suke ƙarshen laka, kuma jinkiri yana iya barin mutum da nakasa ta dindindin.

Akwai kuma waɗanda suke buƙatar bincike ko da ba na gaggawar sa'o'i ba ne, kamar ciwon da ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko gumin dare, ko wanda ba ya lafawa ko a kwance, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur, ko mai shi ya taɓa yin ciwon daji. A ƙasarmu dole a riƙa tuna tarin tibi, domin ƙwayar cutar tana kama ƙashin baya ko da mutum ba ya tari, ta cinye shi a hankali har ƙusumbi ya fito, alhali maganinsa yana nan kuma yana aiki idan an gano da wuri. Masu sikila su ma lissafinsu daban ne, haka ciwon da yake a gefe ƙarƙashin haƙarƙari tare da zafin fitsari, wanda ya fi kama da na ƙoda. Malam Tela bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma idan ciwon ya haura wata uku, ya kamata wani masani ya duba shi ido da ido, ya gwada ƙarfin ƙafafunsa. Manyan asibitoci suna da sashen gashi. A Kano akwai shi a Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a rubutunka shi ne haɗin kemis. Ƙwayoyin da aka ɓare daga kwalinsu aka ƙulla a leda ba ka san sunansu ba, kuma sau da yawa akan tara magungunan kashe zafi iri biyu ko uku masu aiki ɗaya, wani lokaci har da sitiroyid, wato magani mai ƙarfi na rage kumburi. Magunguna irin su diklofenak da ibuprofen suna taimakawa idan an sha su na ɗan gajeren lokaci bisa shawarar likita, amma dogon shansu yana jawo gyambon ciki da zubar jini, yana taɓa ƙoda, yana kuma tayar da hawan jini. Ka ɗauki ledar ka kai wa likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani ya gaya maka abin da ke ciki, musamman saboda idan akwai sitiroyid kuma ka daɗe kana sha, ba a yanke shi lokaci guda. Tiramadol kuwa, ko an yi maka tayinsa kada ka karɓa.

Tela Mai Keke ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hajiya, alhamdu lillahi babu ko ɗaya daga cikin alamomin da kika lissafa, kuma zan kai ledar a duba. Likita, saura abu uku. Bel ɗin da na saya in ci gaba da ɗaurawa? Salla kuma na koma yinta a kan kujera saboda an ce kada in sunkuya, shin in ci gaba da hakan? Sannan yaya zan gyara zamana a shago, tun da ɗinki ba ya yiwuwa a tsaye?

Mai Kula da Leburori ya amsa:

Kafin Likita ya dawo, ina da ja a kan wani abu da ake yawan faɗa, wato wai duk wanda zai ɗauki kaya sai ya tsuguna ya miƙe baya tsaf. Ina aiki da masu sauke siminti, buhu mai kilo 50, kuma babu wanda yake tsugunno irin na littafi, da sun yi haka da ba a sauke tirela ɗaya a yini ba. Mata ma a gidajenmu a sunkuye suke shara da gajeriyar tsintsiya, a sunkuye suke wanki, manomi kuma ya yini a duƙe da fartanya. A abin da na gani, wanda ya fi jin ciwo shi ne sabon yaro da aka jefa cikin aikin ba sabo, ko tsohon hannu da ya yi hutu mai tsawo ya dawo yana son ya yi aikin da ya saba tun ranar farko, ko kuma wanda ya murɗa jiki da kaya a hannu bayan gajiya ta riga ta cinye shi da yamma. Ashe ke nan laifin ba na sunkuyo ba ne?

Likitan Gashi ya sake amsawa:

Maigida, abin da ka lura da shi daidai ne, kuma bincike yana bayanka fiye da yadda mutane suke zato, domin koyar da ma'aikata "sahihiyar" hanyar ɗaukar kaya ita kaɗai ba a ga ta hana ciwon baya ba. An halicci baya ne ya lanƙwashe, kuma yana sabawa da nauyi idan aka ƙara masa sannu a hankali. Abin da yake kayar da mutane shi ne nauyin da ya zarce sabo, da gajiya, da ƙarancin barci, wanda shi ne ainihin abin da ya faru da Malam Tela a makonnin ɗinkin salla. Inda zan ɗan bambanta da kai shi ne, wanda bayansa yake cikin zafi yana amfana idan ya koyi sunkuyawa daga kwankwaso na ɗan lokaci, wato ya tura mazaunai baya, ya ɗan saki gwiwa, ya jawo kayan kusa da jiki, ya juya da ƙafafu maimakon ya murɗe ƙugu. Hanya ce ta ba wurin da ke ciwo sarari har ya huce, ba doka ce ta har abada ba.

Wannan ya kawo ni kan salla. Hukuncin ka tambayi malamai, ko da yake hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari sananne ne, cewa a yi salla a tsaye, wanda bai iya ba a zaune, wanda bai iya ba a kishingiɗe ta gefe. Ta fuskar lafiya dai ba na ganin dalilin da zai sa mai irin ciwonka ya dawwama a kujera. Ruku'un da aka daidaita, baya a shimfiɗe, tafin hannu a kan gwiwa yana ɗaukar wani ɓangare na nauyi, shi ne sunkuyon kwankwaso da na bayyana. Ka fara da sallolin rana, lokacin da jiki ya riga ya saki, ka sauka sujada a hankali kana dafa ƙasa. Asuba ce za ta fi yi maka wuya, saboda faifan yana tsotsar ruwa cikin dare ya kumbura, shi ya sa baya ya fi tauri a sa'ar farko bayan tashi. Ka ɗan zagaya tsakar gida kafin alwala, ka zauna a kan kujera ka ɗago ƙafar zuwa gare ka maimakon ka duƙa ka same ta.

Bel kuwa ka ajiye shi. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan ciwon ƙugun da ya daɗe, ta ba da shawarar wayar da kai da motsa jiki da tausa da makamantansu, ta kuma ce kada a riƙa amfani da bel, da jan baya da na'ura, da magunguna dangin Tiramadol. Kwanciya a kan daɓe ma ba sharaɗi ba ce. Katifa mai matsakaicin tauri ta wadatar, da matashi tsakanin gwiwoyi idan ta gefe kake kwanciya.

A shago, yawancin teloli a kan benci ko kujerar da ta yi ƙasa suke zama, gwiwa ta fi ƙugu tudu, dole baya ya lanƙwashe ya yi doro. Ka ɗaga mazauninka da matashi mai tauri har ƙugu ya ɗan ɗara gwiwa, ka matso da kujerar jikin keken, ka naɗe ƙaramin tawul ka sa a ramin baya idan kujerar tana da majingina, ka kuma kawo fitila kusa da allura domin rashin haske yana cikin abin da yake jawo kai ƙasa. Amma mafi muhimmanci shi ne kada ka haura kamar rabin sa'a ba ka tashi ba, kuma sana'arka ta ba ka dalilin tashi: ka daina tara yanka da guga zuwa ƙarshen yini ko barin su ga yara, ka riƙa cuɗanya su da ɗinki, ka gama hannun riga ka tashi ka goge shi da kanka. Duk lokacin da ka miƙe, ka dafa ƙugu da hannu biyu ka ɗan gantsare baya sau biyar. Ka ba wannan tsari mako shida zuwa takwas, ka sani kuma za a samu ranakun da ciwon zai motsa ba tare da wani sabon abu ya lalace ba. Idan lokacin ya cika babu canji, ko ciwon ya sauka ƙasan gwiwa, ka koma a sake duba ka.